Ɗan Farin Malam Gajere

Duk wanda ya yi elementare a Kusada zamanin Turawa, in ka ambaci Malam Gajere sai ya yi murmushi kafin ya ce komai. Sunansa na yanka Dawuda, amma ina jin ko liman ya manta da wannan. Mutum ne ɗan dunƙule, baƙi, mai faɗin kafaɗa, ga murya irin ta mai kiran shanu daga hayin rafi, kuma dama abin da ya yi rabin rayuwarsa yana yi ke nan. Mutane suna cewa son yara ne ya sa ya bar aikin huji ya koma koyarwa. Wannan magana ce mai daɗin ji kawai. Kishi ne ya kai shi, kishi tsagwaronsa, kuma a kan ɗansa na cikinsa.

Gidansu gidan malamai ne. Ubansa yana da makarantar allo a zaure, kuma Dawuda ya sauke kamar sauran 'yan'uwansa, sai dai shi Allah bai yi shi da zama wuri ɗaya ba. Da aka zo neman majiya ƙarfi masu kayar da shanu a wurin huji a Kankiya, wato allurar da ake yi wa shanu saboda ciwon bushiya, shi ya fara miƙewa. Can ya koyi boko a wurin malamin da yake yi wa aiki, har shi ma ya zama malamin huji, aka ba shi doki da malafa. Ya sha yawo. Babu rugar da bai kwana ba daga Kunduru zuwa Bauranya. Fillanci ya zauna masa a baki har tsofaffin ruga suna tambayarsa ko uwarsa tasu ce. Ya tsinci Buzanci a wurin Buzayen da ke sauka da raƙumansu da rani, ya ɗan lashi Yarbanci a kasuwa wurin masu sayen gyaɗa. Aiki ne da ya dace da shi, kuma yana sonsa.

A gida yana da mata, Rahamatu, da 'ya'ya mata ƙanana, da ɗan farinsa Uthman. To, ɗan fari kowa ya san hukuncinsa. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa, ba ya wasa da shi, ba ya yaba shi a gaban mutane. In ya zama dole a ambace shi sai a ce “yaron nan” ko “wancan”. Wasu iyayen sukan ɗan sassauta in babu idon jama'a. Ban da Gajere. Ga shi ɗan gidan malamai, ga shi ya daɗe cikin Fulani, waɗanda su a wurinsu kunyar ɗan fari ta fi ƙarfin wasa, sai ya haɗa biyun ya ɗora wa kansa. Tun da aka haifi yaron bai taɓa buɗe baki ya ce Uthman ba.

Amma fa son da yake yi masa, Allah kaɗai ya san iyakarsa. In ya dawo daga rangadi da cuku ko ɗan takalmin fata daidai ƙafar yaron, sai ya ajiye a kan danga ya ce wa Rahamatu, “A ba yara.” Ita kuma ta san wane yaro ake nufi. A ganinsa wannan ya isa. Yaro nasa ne, yana nan ajiye kamar hatsi a rumbu, ba inda za shi.

Wata shekara, ana gab da fara ɗibar samari zuwa yaƙin Bama, ya dawo daga doguwar tafiya ya tarar an buɗe makarantar boko a garin, kuma an ɗauki Uthman. Bai damu ba. Ya zauna a zaure yana cire takalmi, sai ya jiyo muryar yaron daga cikin gida yana ba ƙannensa labari. Malam Sada ya ce ƙasa zagayayya ce. Malam Sada ya ce a wanke hannu kafin a ci tuwo. Malam Sada yana da keke, kuma ya ɗora shi a kai har bakin kasuwa. Kafin Gajere ya gama cire takalmin ɗaya ya ji sunan nan ya fi a ƙirga.

Ya shiga ya tambayi Rahamatu, yana yi kamar zancen bai dame shi ba. “Wai wane ne wanga Sada da ba a iya shan ruwa a gidan nan sai an kira shi?”

“Malamin makaranta ne, daga Katsina aka kawo shi,” in ji ta. “Mutumin kirki. Yaron nan in ya tashi da sahe ko koko bai son tsayawa sha.”

“Mutumin kirki,” in ji Gajere. “To, Allah shi ƙara.”

Ran kasuwa ya gan shi da idonsa. Dogo ne, fari, mai sanyin magana, irin mutanen da in suna tafiya kamar ba sa son taka ƙasa. Komai nasa ya saɓa da na Gajere, har tsawon ma sai da ya yi masa rashin mutunci. Sada yana tsaye wajen masu lalle da dabino, hannunsa a kan wani yaro, kuma yaron Uthman ne. Gajere na jin sa ya ce, da ƙarfi, a tsakiyar kasuwa, “Uthman, riƙe mini keken nan.” Haka kawai, kamar sunan ba shi da nauyi. Yaron kuwa ya ɗaga kai ya dube shi yana dariya, irin dariyar da Gajere bai taɓa ganin an yi masa ba. Gajere ya tsaya riƙe da linzamin dokinsa yana kallonsu. Shi ya yanka ragon sunan nan, shi ya zaɓe shi, amma wani baƙo ne ke cin moriyarsa.

Da shekara ta zagayo dama ta zo. Makarantar tana cikin wani hali. Da aka ce dagaci ya kawo yara, masu ƙarfi a gari duk sun ɓoye nasu, sai aka bi rugage da zangon Buzaye aka kwaso na waɗanda ba su da bakin ƙi. Aji ɗaya ya cika da yaran da ba su jin Hausa sai “zo” da “tafi”. Ga Fulani, ga Buzaye, ga 'ya'yan wani Bayarabe mai shago. Suna zaune kan tabarma zuru, in an yi magana su dubi juna, in an yi tsawa su fashe da kuka, da an buga ƙarfen hutun tara kuma rabinsu sun bi gona sun gudu. Malam Sada, wanda shi ne hedimasta kuma shi ke riƙe da aji biyu, ya je gaban dagaci ya ce in ba a samo mai jin bakin yaran nan ba, ajin zai watse.

Gajere yana wurin, ya zo gaisuwa. Bai yi shawara da kowa ba, bai ma yi shawara da kansa ba. Sai ji ya yi bakinsa ya ce, “Ranka shi daɗe, ni ina iyawa.”

Abokan aikinsa a Kankiya sun ɗauka wasa yake yi. Mutum ya bar doki, ya bar nonon ruga da girmamawar ardo, ya koma share majinar 'ya'yan mutane? Wani ya ce ko aljanun daji sun taɓa shi. Gajere ya ce ya gaji da yawo ne, ƙafa ta fara ciwo. Rahamatu kaɗai ce ba ta tambaye shi dalili ba. Ta dube shi ta gefen ido ta ce, “Ashe ciwon ƙahwa har makaranta shika kai mutum.” Ya yi kamar bai ji ba. Aka yi masa ɗan gwaji, malamin ziyara ya zo ya ga rubutunsa, aka ba shi aji ɗaya. Doki ya mayar, amma malafar ya ce ta tsufa, ba mai so, ya riƙe abarsa.

Abin da ba wanda ya zata, har shi kansa, shi ne ya iya aikin. Ranar farko bai taɓa alli ba. Ya zauna a ƙasa cikin yaran ya tambayi wani ɗan Fulani mai suna Bube sunayen shanun gidansu, da Fillanci. Yaron ya zaro ido, ya dubi wannan ɗan gajeren Bahaushe, sai baki ya buɗe. Gajere ya juya ga wata 'yar Buzuwa, Zinariya, wadda tun da aka kawo ta ba a ji muryarta ba, ya tambaye ta ko raƙuminsu yana cizo. Ta rufe baki tana dariya. Shanu ya saba da su, ya san dabbar da ta firgita ba a tunkararta ta gaba, kuma haka ya bi da yaran.

Daga nan ya ƙirƙiro wasan da har yau tsofaffin ɗalibansa ke tunawa. Sai ya kawo abu ya ajiye a tsakiyar aji, ko ƙwarya, ko igiya, ko ɗan akuya in ya samu. Kowane yaro ya faɗi sunan abin da bakin gidansu, sauran su maimaita, sannan ya rubuta na Hausa a baƙin allo su kwafa a ƙasa da yatsa. A ƙarshe sai ya tambaya wa zai iya faɗin sunan da baki huɗu duka. Wanda ya iya, shi ne sarkin baki na ranar. Gajere ya kifa masa malafar huji, ya saɓa shi a wuya, ya zagaya aji da shi yana kiran sunansa kamar maroƙi, yara na tafi. Gudu ya ƙare. Har waɗanda ba a rubuta ba suka fara leƙe ta taga.

Sai dai ba don wannan ya zo ba. Tsakanin aji ɗaya da aji biyu zana ce kawai, kuma kunnen Gajere kullum yana jikin zanar nan. Yana cikin koyar da baƙaƙe sai ya ji muryar da ya fi sani a duniya ta ba da amsa, sai kuma ya ji ta Sada, a sanyaye, “Madalla, Uthman.” Nan take sai ya ce wa nasa yaran, “Ku ɗaga murya! Ba ku ci tuwo ba?” Su kuwa su kwarara ihu har ƙasa ta zubo daga rufi. Abin haushin, Sada bai taɓa yin fushi ba. In an tashi sai ya zo ya ce, “Malam Dawuda, yau ajinka ya yi daɗi, har mu muna ji.” Da zai yi faɗa da Gajere ya samu sauƙi. Babu abin da ya kai mutumin kirki wuyar ƙi, amma Gajere ya dage, kuma ya yi nasara.

Abin da bai taɓa kawowa a ransa ba shi ne zana ba ta da gefe ɗaya. Yadda yake jin na can, haka na can ke jin nasa.

Bayan an sha hutun damina aka koma, sai Uthman ya fara lalacewa. Yaron da ke gaban kowa a aji biyu ya koma ba ya iya haɗa baƙi da wasali. In an ba shi lissafi ya zauna yana kallon allo. Sada ya yi lallashi, ya yi nasiha, har gida ya zo ya tambaya ko yaron ba shi da lafiya. Gajere ya karɓe shi a zaure da fuskar jimami, yana girgiza kai, alhali cikinsa fari ƙal. A ransa cewa yake, ga irin koyarwar Katsina nan, ga inda “madalla” ta kai ku. Ko kunyar wannan farin cikin bai ji ba, sai daga baya.

A ƙarshe Sada ya ce babu yadda za a yi, sai yaron ya koma aji ɗaya ya sake tushe. Ranar Gajere ya dawo gida yana tafe kamar an ƙara masa tsawo. Ya ce wa Rahamatu, “Abin da suka ɓata, mu za mu gyara.” Ta ce, “Allah shi sa,” ta ci gaba da tankaɗe.

Washegari Uthman ya shigo aji ɗaya da allonsa a hammata. Ya wuce har gaba ya zauna daf da ƙafar malam, tsakanin Bube da Zinariya, ya fi kowa tsawo, fuskarsa wasai kamar ba wanda aka mayar baya ba. Gajere ya fara kiran suna. Da ka yake yi, ya san kowa. Ya kira Bube, ya tsokane shi. Ya kira Zinariya, ya tambayi raƙumi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya zo kan wanda ke gabansa, sai harshe ya ƙi. Ga yara sun zuba ido, ga 'yan leƙe a taga, kuma duk garin an san ɗan farinsa ne. Ya yi tari, ya dubi rufi, ya ce, “To, kowa ya zo.”

Sai a lokacin ya gane abin da ya jawo wa kansa. Da yaron yana bayan zana, aƙalla kunne yana samu. Yanzu ga shi a gabansa, kuma dole ya yini yana kau da ido.

Ranar da ta tsaya masa a rai har ya tsufa ita ce ranar ruwa. Ya kawo ruwa a ƙoƙo ya ajiye a tsakiya. Aka yi ta faɗi ana maimaitawa, aka rubuta a ƙasa. Da ya ce, “Wa zai ba ni da baki huɗu?” kafin ya rufe baki hannu ɗaya ya tashi, miƙe sosai, har yaron yana ɗagowa daga zaune. Gajere ya gani. Ta yaya ba zai gani ba, hannun yana kusan taɓa masa gemu? In ya nuna shi, dole ya kira sunansa. In ya ci, dole ya kifa masa malafa, ya saɓa shi a wuya, ya zagaya da shi yana yi masa kirari a gaban 'ya'yan mutane, kafin azahar kuma labari ya kai zauren tsohonsa mai makarantar allo. Ya tsallake hannun da ido ya ce, “Bube.”

Bube bai ma ɗaga hannu ba. Ya miƙe yana in-ina, ya kawo uku, na huɗun ya ɓace masa. Gajere ya ɗan motsa masa leɓe har ya tuna. Aka yi tafi, ya kifa masa malafa, ya saɓa shi, ya zagaya yana “Bube na ardo, Bube sarkin baki!” da murya fiye da ta kullum, don kada ya ji abin da ke cikin kansa. Da ya zagayo gaba, hannun nan yana nan a sama. Sai da ya sauke Bube sannan yaron ya sauke shi a hankali ya ɗora a kan gwiwa.

Haka aka yi ta yi. Kullum hannun ya tashi, kullum a tsallake shi. Gajere yana gaya wa kansa gobe, in 'yan leƙe sun ragu, in ya samu wata dabara. Wata rana ya yi tambaya, ya saci kallon gaba, ya ga hannun bai tashi ba. Bai ƙara tashi ba kuma. Ba a jima ba Uthman ya ɗauki littafin aji biyu a gaban Sada ya karanta shi tiryan-tiryan, ya yi lissafin da aka ba shi ba kuskure, aka mayar da shi inda ya fito.

Da aka tashi ranar, Sada ya tsayar da Gajere a gindin bedi, wato dalbejiyar makaranta. Ya jingine kekensa, sannan ya ce, “Malam Dawuda, yaron nan bai taɓa mance karatu ba. Da gangan ya yi.”

“Da gangan kamar ƙaƙa?”

“So shike a maishe shi ajinka. Tun bara shike bin Bube da 'yan Buzayen nan lokacin tara, shina ba su ƙuli suna koya mishi bakinsu. Ni na ɗauka wasa ne. Jiya na matsa mishi, ya hwaɗa mini shina kuka. Ya ce shi dai so ɗaya shike so a sa mishi malahwar nan.”

Gajere ya jingina da itacen. Da a ce shi kaɗai ne a wurin, wataƙila da ya zauna ya yi kuka, kuma da labarin nan ya canza. Amma a cikin duk maganar, abin da ya fi shiga kunnensa shi ne “ya hwaɗa mini”. Wato yaron ya yi kuka, kuma a gaban Sada ya yi shi. Cikin ɗansa ma sai wani ya fassara masa, shi da ke fassara wa gari.

Sada ya ce, “Ka kira shi so ɗaya, Malam. Nan aji ne, ba gida ba. Ba wanda zai ga laihinka.”

“Mu ba haka muka tashi ba,” in ji Gajere. “Ku can birni kuna iya yin yadda kuka so. Kuma ban roƙi kowa shi koya mini riƙon gidana ba.”

Shawara ce mai kyau, kuma ya san mai kyau ce. Da Rahamatu ce ta ba shi, ko liman, ko wani mahaukaci a kasuwa, da ya ɗauka. Amma ta fito daga bakin Sada, don haka ya rantse a ransa ba zai bi ta ba, ko da kuwa ita kaɗai ta rage a duniya. Wannan ita ce wautar Malam Gajere, kuma ya biya ta da tsada.

Uthman ya gama elementare a gaban kowa, aka zaɓe shi zuwa makarantar Midil a Katsina. Sada ne ya goya shi a keke har Kankiya inda zai hau mota. Gajere ya ce shi ma yana da wata 'yar buƙata a Kankiya ranar, ya bi su a ƙasa daga nesa. Ya tsaya bayan rumfar masu hatsi yana kallo. Ya ga yaron ya durƙusa, Sada ya dafa kansa yana yi masa addu'a. Ya ga yaron ya hau bayan mota ya zauna kan buhu, yana waige-waige cikin mutane kamar mai neman wani. Gajere ya ƙara matsawa bayan rumfa har motar ta tashi. Ya koma Kusada bai sayi ko allura ba.

Shekaru suka tafi. Malam Gajere ya zauna a aji ɗaya bai taɓa neman a ɗaga shi ba. 'Ya'yan Fulani da na Buzaye da suka bi ta hannunsa sun zama malaman asibiti, da malaman gona, da masu koyarwa. Bube ma ya zama malamin huji, ya gaji dokin. Ko'ina Gajere ya shiga sai wani ƙato ya durƙusa, shi kuwa ya kira shi da sunansa da na ubansa da na saniyar gidansu. Uthman ya dawo ya zama malamin asibiti a Kankiya, mutum mai natsuwa, mai sanyin magana, har tafiyarsa irin ta wani ce da Gajere ya sani. Yakan zo ran Juma'a ya durƙusa a ƙofar zaure ya yi gaisuwa, uban ya amsa yana duban bango, ya shiga wurin uwarsa. Daga nan kuma ya wuce gidan Malam Sada, inda yakan kai la'asar. Gajere ya san lokacin da yake shiga da lokacin da yake fita, don daga zaurensa ana hango kan keken Uthman a jingine.

Ana saura kaɗan Turawa su tafi, matar Uthman ta haifi ɗa namiji. Gajere ya sayi rago, ya sa aka ɗinka masa sabuwar riga. Bai tambayi sunan da aka yi wa yaron huɗuba da shi ba, don a ganinsa babu abin tambaya. Ɗan fari namiji, ga kakansa da rai, wane suna kuma za a sa? Har ya fara tunanin laƙabin da za a riƙa kiran yaron da shi, tun da ba mai iya cewa Dawuda a gidan.

Da safe aka taru a ƙofar gida, aka raba goro, Uthman ya sunkuya ya raɗa wa liman. Liman ya yi addu'a, maroƙi ya miƙe ya ɗaga murya: “Sunan yaro Sada!”

Jama'a suka shafa fatiha. Gajere ma ya shafa. Can gefe ga tsohon hedimasta, gemu ya yi fari, ya sunkuyar da kai yana share ido da bakin rawani. Mutane suna ta zuwa suna yi wa Gajere barka, yana amsawa, goron da ke bakinsa ya koma kamar ɓawon itace. Sabuwar rigar nan bai ƙara sa ta ba.

Ya yi kwanaki bai leƙa jaririn ba. Rahamatu ce ta gaji, ta fito da shi zaure ta dangwara masa a cinya. “Karɓi abokinka,” in ji ta. “Wanga dai jika ne, babu kunya tsakaninku. In kana da wani dalilin kuma, hwaɗi in ji.” Ba shi da dalilin da zai faɗu. Ya dubi yaron, yaron ya kama masa yatsa.

Jika abokin wasan kaka ne, a ɗauke shi, a tsokane shi, a kira sunansa yadda aka ga dama. Duk abin da Gajere ya tara a ciki shekara da shekaru ya samu ƙofa. Da aka yaye yaron aka kawo shi Kusada wurin kakarsa, sai ga Malam Gajere, wanda ya yi rabin rayuwarsa ba ya son jin sunan nan, yana yini yana kiransa. Sada zo, Sada sauka, Sada kada ka ci ƙasa. Duk kira ɗaya sai ya ɗan sosa masa rai, amma bai fasa ba.

Wata Juma'a da hantsi yana zaune a zaure da yaron, ya ɗauko tsohuwar malafar huji, wadda duk gefenta ya zare, ya kifa masa. Yaron na shan ruwa a ƙoƙo yana zubarwa a riga. Gajere ya saɓa shi a wuya, da ƙoƙon da komai, yana zagaya zaure da ƙyar yana “Sada sarkin baki!” Da ya juyo sai ya ga mutum a bakin ƙofa. Uthman ne, ya jingine keke, ya durƙusa zai yi gaisuwa, amma bai yi ba. Yana kallon malafar ne. Ga gemu, ga rigar aikin asibiti, amma idon na yaron nan ne na gaban aji.

Gajere ya tsaya. Ya sauke jikan a hankali ya zaunar da shi a cinya, ya gyara masa malafa. Bai dubi ƙofa ba. Ya dubi yaron, wanda ko magana bai gama iyawa ba, ya ce, “Kai Sada. Ka hwaɗa ma ubanka na ga hannunshi. Ran ruwan nan na gani. Kullum ya ɗaga ina gani.”

Yaron yana ta buga ƙoƙo a gwiwar kakansa. Uthman ya ɗago kai. Sannan ya matso, ya karɓi ƙoƙon daga hannun ɗansa, ya dubi sauran ruwan da ke ciki.

“Ruwa,” ya ce. “Ndiyam. Aman. Omi.”

Duka huɗun daidai ne. Malam Gajere ya buɗe baki, sunan ya zo har kan harshensa ya tsaya, kamar yadda ya saba tsayawa. Sai ya cire malafar daga kan jikan, ya miƙa hannu, yana duban bango, ya kifa ta a kan ɗansa.